Tambayar da 'yar Nima ta yi mini

Ranar Asabar bayan La'asar muna majalisar shayi a Nima, wata unguwa a Akara babban birnin Gana, hira ta gangaro kan juyin mulkin Nijar. Na ce ni dai ban ga laifin soja ba, tunda farar hula sun gaza. 'Yar maƙwabcina, ɗaliba a jami'ar Legon, tana gefe tana taya uwarta suyar ƙosai. Ta ɗago kai cikin ladabi ta ce, "Baba Alhaji, to in sojan ma ya gaza, wace rana za ku cire shi?" Majalisa ta kwashe da dariya, ni kuwa na rasa bakin magana.

Ashe tana cikin matasan da aka horar don sa ido a zaɓen Gana na 2024. Abin da aka koya musu ba wata falsafa ba ce. Ka riga malaman zaɓe isa rumfa, ka ga akwati wayam kafin a rufe shi, ka zauna daram har a ƙirga ƙuri'a a bainar jama'a, wakilan jam'iyyu su sa hannu a takardar sakamako mai ruwan hoda, sannan ka tura alƙaluman ta waya. Takardar nan har direban trotro (motar haya) ya san ta, tun shari'ar zaɓen 2012 da Kotun Ƙoli ta yi ana haskawa kai tsaye a talabijin. Gamayyar CODEO, ta masu sa ido a zaɓe 'yan ƙasa, tun 2000 take wannan aiki. Afrobarometer ma, masu bi gida-gida suna jin ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka sama da 30, hedikwatarsu na nan Akara. A ganina shi ya sa Bawumia, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar da ke mulki a lokacin, ya amsa shan kaye washegarin zaɓe, tun hukumar zaɓe ba ta buɗe baki ba. Lissafi yana hannun kowa, ina za a kai ƙarya?

Ban ce Gana ba ta da nata tabon ba. An rasa rayuka a garin Techiman a zaɓen 2020, an kulle matasan da suka yi zanga-zangar adawa da galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, a 2024. Amma ko a nan, sai ka ga yara sun bi sawun maganar da lauya da takarda.

Mu a gida Najeriya fa? Kun fi ni sani. Yaro ko dai a ba shi gora, ko a saya masa data ya zama sojan baka a Facebook. A Agustan 2024 yara sun fito a Kano da tutar Rasha, ƙarshenta aka gurfanar da wasu a Abuja suna faɗuwa a galabaice a gaban alƙali. Wa ya taɓa zaunar da su ya nuna musu nawa ke shiga ƙaramar hukumarsu duk wata?

Abin da ya fi ci mini rai, ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun 1950 'yan NEPU ke koya wa talaka 'yancinsa da Hausa, a kasuwa da zaure, su Gambo Sawaba suna shan ɗauri a kai. Yanzu sai bita a otal da Turanci, a ci shinkafa, a raba kuɗin mota, alhali Gidan Mambayya, gidan Malam Aminu Kano da ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, na nan a Gwammaja.

'Ya'yana a nan tun firamare suka haddace tarihin Nkrumah. Da na tambayi babbansu wane ne Malam Aminu Kano, cewa ya yi filin jirgi ne. Hutun bana a Kano zai yi shi, ko uwarsa ta so ko ta ƙi.