Keken da Ya Ƙi Gabas

Shekarar da riɗi ya yi kuɗi ce ta ja min. Na kai nawa kasuwar Maigatari, na dawo aljihu ya yi nauyi, kuma duk wanda ya san tela ya san kuɗi ba sa kwana lafiya a jikinsa. Mako bai zagayo ba na shiga Kano da niyyar sayo zare da 'yan yadudduka a Kantin Kwari, sai ga ni a shagon wani dilan kayan gwanjo a Sabon Gari, na saki baki gaban wani keken ɗinki da tunda nake ban taɓa ganin irinsa ba.

Mu dai abin da muka sani, keke yana zaune, tela yana tura yadi. Wannan kuwa yadin ne ke kwance, a naɗe jikin dogayen bututun ƙarfe, ya miƙe kamar fatar kalangu, kai kuma ka kama keken ta ƙaho biyu irin kan babur ka yi ta yawo da shi a kai. Wuyansa inci 18, na tsohon Butterfly ɗina kuwa da ƙyar ya kai 7. Gadonsa ƙafa 12. A kan dogo yake tafiya, irin layin jirgin Kano zuwa Nguru da ya ratsa ta nan Ringim, sai dai nasa hawa biyu ne: dogo mai tsawo a ƙasa wanda wata 'yar amalanke ke bi, sannan gajere a bayan amalanken, inda keken kansa ke yin gaba da baya. Aikinsa haɗa shimfiɗa uku, yadin sama da auduga da yadin ƙasa, ya bi su da zane ya fitar da bargo. Dilan yana ta zuba min bayanin yadda matan Amurka ke ji da wannan sana'a. Na ce a raina, ai mu ma ba baƙinta ba ne, lifidin da ake sa wa dawaki ranar hawan Sallah mene ne in ba haka ba? Bambancin kawai, kakanninmu da allura da haƙuri suka yi nasu.

Na biya. Motar a-kori-kura ta kawo shi ƙauye, shagona ya ce bai san zancen ba. Dole aka share zauren marigayi Baba, aka shimfiɗa gadon daga gabas zuwa yamma, don ta nan kaɗai ya shiga. Wutar Amurka 110 ce, tamu ta ninka ta, saboda haka sai da na ƙara da 'yar taransifoma mai rage wuta, ga janareta, ga mai.

Amma fa abin ya biya ni, don akwai wata baiwa a jikinsa da ake kira regileta. Ka latsa maɓalli ka ce masa taku 10 kake so a kowane inci. Shi ke nan. Ko ka ruga da shi ko ka yi tafiyar hawainiya, takun allurar ɗaya ne, kamar an auna da ƙwayar gero. Mako biyu ina cin duniyata da tsinke. Yara sun cika ƙofar zaure, matan aure suna aiko da leƙe, ni kuwa har na fara amsa gaisuwa da ka.

Ana cikin haka Gwaggo ta iso da ƙullin yadi a ka. Autarta za a aurar, saura kwana 9, bargo uku take so, na gani na faɗa. Kuɗin aikin Gwaggo kuwa kowa a danginmu ya san shi: “Allah ya yi maka albarka.” A daren ma sai da na tsaya na lallaɓa Butterfly, wanda manaɗin bobin ɗinsa ya daina juyawa. Da tocila a baki na gyara shi cikin minti biyar, na kwanta ina yaba wa kaina basira.

Da safe na ɗora bargon farko, na yi bismilla, na soma zanen ganye. Taku biyar lafiya, na shida sai keken ya yi tsalle kamar ya ga maciji. Inci guda cur ba ɗinki, zare kawai a kwance. Na ci gaba. Ya yi kyau, ya yi tsalle, ya yi kyau, ya yi tsalle. Kafin hantsi bargon amarya ya koma kamar gonar da kaza da raƙumi suka yi tsere a ciki.

Gwaggo ta leƙo da la'asar. Ta sa ɗan yatsa ƙarƙashin zare ɗaya ta ɗaga shi sama.

“Ɗan nan, wannan bargo ne ko tarko? Ai babban yatsan ango a nan zai kwana.”

“Gwaggo, gwaji ne.”

“A yadina?”

Daga nan na shiga abin da teloli ke shiga. Allura na fara zargi, don ta irin wannan keke gindinta a mulmule yake, ba shafaffen gefe kamar ta keken gida, in ka karkace ta kaɗan sai ɗinki ya riƙa ƙetare. Na sa sabuwa lamba 18, na daidaita kwarminta ya kalle ni. Tsalle. Na canza zare. Na ɗaure tenshan, wato abin da ke matse zare, har zare ya tsinke, na sassauta har ƙasan bargon ya yi gemu. Na fito da gidan bobin na busa, na kakkaɓe ƙurar hunturu da gashin kaza. Da na rasa abin yi sai na ɗauko man keke na bi dogon nan na shafe shi tas, wai ko santsi yake nema. Wannan dabarar, daga baya na gane, daidai take da ka ga mutum yana zamewa ka zuba masa miyar kuɓewa a hanya.

Sai na koma kan janareta. Na ce wutarsa ce ke rawa. Na yi hayar babba daga wurin mai cajin waya, na sha man kwana guda, keke ya ci gaba da tsallensa, yanzu ma da ƙarfin gwiwa. Na kira mai gyaran rediyo na bakin kasuwa. Ya kwance bayan keken, ya ƙura wa allon wayoyin ido kamar mai duba a ƙasa, ya shinshina, ya ce, “Ai-si ce ta tafi.” Na ce wacce daga ciki? Ya ce sai an je Legas. Ya karɓi kuɗin ganin ido ya mayar da noti uku cikin huɗu.

Zuwa rana ta uku magana ta isa majalisar ƙofar masallaci. Wani dattijo ya tuna min cewa zauren nan ya shekara biyar a rufe, kuma wuri ba ya zama haka kawai ba masu shi. Wani ya ce kayan gwanjo ai ba ka san hannun da ya fito ba. Ni da nake cika baki da zamani, sai ga ni da magariba ina zagaya keke da kasko, hayaƙin habbatus sauda ya turnuƙe zaure, yaron shagona yana tari yana cewa amin.

Uwargida ce ta kawo min tuwo a daren, ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallona ina fama.

“Baban yara, in faɗi wani abu?”

“In dai ba kuɗin cefane ba ne.”

“Na ga kamar in ka tura shi gaba ko ka jawo shi baya, lafiya lau yake yi. Sai ka nufi gabas ko yamma yake haukacewa.”

Na ce mata ɗinki ba tuƙin tuwo ba ne. Na jira sai da na ji ta rufe ɗaki, sannan na ɗora wani tsumma na gwada. Kudu da arewa: taku 10 cif. Gabas: raƙumi. Na zana da'ira, gefe da gefe suka fito kamar aikin kamfani, sama da ƙasa kuwa kamar haƙoran tsohuwa. Na daɗe a zaune. Ban san wanne ya fi min ciwo ba, keken ko gaskiyarta.

Da asuba na tafi gindin rimin bayan firamare, inda nan ne kaɗai waya ke samun sabis, na kira ƙanena da ke karatun injiniya a Kazaure. Ina gama bayani ya kwashe da dariya.

“Yaya, keken nan fa ba ido gare shi ba. Ka san mitar babur daga tayar gaba take sanin gudu? To shi ma haka. Akwai 'yan tayoyi biyu ƙanana masu waya a jiki, inkoda ake ce musu. Ɗaya tana bin gajeren dogo tana ƙirga gaba da baya, ɗaya tana bin mai tsawon tana ƙirga hagu da dama. Su ke gaya wa regileta saurin hannunka, ita kuma ta ƙara wa allura gudu ko ta rage. In ɗaya ba ta juyawa, shi a saninsa kana tsaye. Ka duba ko wayarta ta zare, ko datti ya cushe ta, ko ba ta taɓa dogon. Kada dai ka sa wa dogon mai.”

Na ce, “Wa zai yi wannan wautar?”

Na dawo na kwanta rigingine ƙarƙashin gadon keke da tocila. Ga ta farko can sama, da baƙar roba zagaye da ita kamar zobe, tana manne da dogonta. Ga ta biyu a gindin amalanke: tsirara. Kwarmin da robar ke zama sai ƙyalli yake, tsakaninta da dogo har hasken tocila na wucewa. Na kunna keke, na sa yatsa na murza ta, sai na ji allura can sama ta kama aiki, ca-ca-ca, kamar ba ita ba. Kwana huɗu, jarkar mai, kuɗin mai rediyo, hayaƙi, duk a kan robar da ba ta fi zoben yatsa ba da wani abin kirki.

Sai zuciya ta taso. Na tara gida kaf a tsakar gida, na zauna kan turmi kamar alƙali. Wa ya cire roba? Na dubi babban ɗana, wanda na san ba ya rabo da danƙon harbin tsuntsu. Na dubi ƙanwarsa mai ɗaure wa 'yartsana gashi da duk abin da ta tsinta. Na yi wa'azi a kan amana, na kawo tarihin yadda muka taso ba ma taɓa kayan manya. Na kwatanta robar da yatsu: baƙa, 'yar kamar haka.

Yaron shagona ya ɗaga hannu a hankali.

“Oga, ba irin wadda ka sa wa Butterfly ba ce ran nan da daddare? Da ka ce Turawa akwai ɓarna, sun sa taya a inda ba ta aikin komai?”

Ko kajin gidan sai da suka yi shiru. Uwargida ta juya ta shiga madafa, kafaɗunta na rawa.

Na ciro robar daga manaɗin bobin na mayar wa 'yar tayar inkoda da ita ɗakinta, na bi dogo da tsumma ina goge man da na shafa da hannuna. Keke ya koma taku 10 ko ta ina, har gabas. Ranar kasuwar Gujungu na sayo irin robar guda biyar wurin masu kayan injin ban-ruwa, na kulle su a akwati kamar takardar gona. Abin da ya rage shi ne farke bargon farko da reza, zare bayan zare, dare biyu ni da yaron, ba mai ce wa wani uffan.

Ana gobe kai amarya Gwaggo ta zo karɓar kaya. Ta shafa ɗinkin, ta juya bayansa, ta kai hanci.

“Har da turare ka sa musu? Allah ya yi maka albarka. To, ya labarin mutanen ɓoyen da aka ce sun shiga keken? An dai rabu lafiya?”

Kafin in haɗa amsa, uwargida ta amso daga bakin rijiya.

“An kama shi, Gwaggo. Guda ɗaya ne. Mun bar shi a gidan, don shi ke yin cefane.”