Wasa 18 a gasar NFL: lissafin Goodell bai fita ba

Na san masu kallon ƙwallon Amurka a cikinmu ba mu da yawa. Amma tun da muna hana idonmu barci har ƙarfe huɗu na dare saboda ita, ai muna da bakin magana a kan wannan batu na ƙara tsawon kaka.

Yanzu kowace ƙungiya cikin 32 na buga wasa 17 na gasa, da uku na share fage a watan Agusta. Shugaban NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, Roger Goodell, ya fito fili a 2024 ya ce shi dai ya fi son a koma 18 na gasa da biyu na share fage. Masu goyon bayansa sai su ce maka ai ba abin da aka ƙara, 17 da uku ashirin ne, 18 da biyu ma ashirin ne. Wannan lissafin ne ban yarda da shi ba, don ba mutane ɗaya ne ke buga wasannin biyu ba.

Duk wanda ya taɓa kallon wasan share fage ya san manyan 'yan wasa a gefen fili suke tsayawa, da hular rana a kai, suna hira. Kocin Los Angeles Rams, Sean McVay, ya daɗe da daina saka manyansa a watan Agusta, wasu kociyoyin kuma suka bi sahu. Waɗanda ke cikin fili su ne masu neman gurbi. Kowace ƙungiya tana shiga sansanin horo da mutum 90, a ƙarshe a zaɓi 53, sauran a sallame su. To idan ka cire wasan da tauraro dama ba ya bugawa, ka maye gurbinsa da wanda dole ya buga daga farko har ƙarshe, ka ƙara masa duka ne kawai. Shi kuma yaron da ke neman abinci ka rage masa rana ɗaya cikin ukun da yake da su na nuna kansa.

Kuma wannan ranar ba ƙaramin abu ba ce. A 2010 babu ƙungiyar da ta ɗauki Victor Cruz a zaɓen sabbin 'yan wasa. New York Giants ta ba shi dama, ya ci uku rigis a wasan share fage da New York Jets, kowa ya san sunansa a dare ɗaya. Kaka ta gaba da shi aka ci Super Bowl, wasan ƙarshe na lashe kofin gasar. Irinsa nawa ne za a sallama ba tare da an taɓa ganin su ba?

Ban ce wasannin Agusta suna da daɗi ba. Ba su da shi. Masu sayen tikitin kaka gaba ɗaya sun daɗe suna ƙorafin ana haɗa musu da kuɗin wasan da taurari ba sa bugawa, kuma suna da gaskiya. A 2020 annobar korona ta sa aka soke su baki ɗaya, kaka ta tafi ba ta tsaya ba. Idan rage su ne kawai abin da ake so, a rage mana. Me ya sa sai an ɗora wani a madadinsu?

Amsar kuɗi ce, kuma ba wanda ke ɓoyewa. A 2021 NFL ta ƙulla yarjejeniyar nuna wasanni da CBS da NBC da Fox da ESPN da Amazon ta sama da dala biliyan 100 na shekara 11. Ƙarin mako ɗaya na gasa yana nufin ƙarin wasa 16 da za a sayar. Yana kuma ba da damar kai ƙarin wasanni waje, bayan Landan da aka fara tun 2007, da Jamus a 2022, da Brazil a 2024. Goodell ma ya ambaci cewa hakan zai tura Super Bowl zuwa ƙarshen makon hutun ranar shugabannin ƙasa a Fabrairu, ta yadda Amurkawa za su kwana kallo ba tare da fargabar aiki ranar Litinin ba. Dabara ce mai kyau ga ɗan kasuwa, wannan kam ba musu.

Sai dai wannan wasa ba kamar ƙwallon da muka saba ba ne, inda ɗan wasa zai buga Laraba ya sake bugawa Asabar. A nan ƙarti ne masu kilo sama da 100 ke karo da kai sau da dama a kowane wasa. Wani likita ɗan Najeriya, Bennet Omalu, shi ne ya binciki ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasan Pittsburgh Steelers, Mike Webster, bayan rasuwarsa a 2002, ya gano lalacewar da yawan bugun kai ke jawowa, wadda ake kira CTE. Da farko NFL ƙaryata shi ta yi. A 2013 kuma ta amince ta biya dala miliyan 765 don sasantawa da dubban tsofaffin 'yan wasa da suka kai ta ƙara. Andrew Luck, ɗaya daga cikin gwanayen jefa ƙwallo na zamaninsa, ya ajiye wasa a 2019 yana ɗan shekara 29 saboda raunuka sun ishe shi. Gasar da ke da wannan tarihi ce take cewa ƙarin wasa ɗaya ba komai ba ne.

Abin ma ba yau aka fara ba. A 1978 aka tashi daga 14 zuwa 16, aka rage share fage daga shida zuwa huɗu. A rikicin ƙwadago na 2011 masu ƙungiyoyi suka nemi 18, 'yan wasa suka ƙi. Sai suka dawo da na 17 a 2020, ya wuce da ƙyar a ƙuri'ar 'yan wasa, 1,019 da 959. Sannu ba ta hana zuwa, kuma su attajiran nan sun iya jira.

Ni a ganina 18 ɗin za ta zo, ko kafin yarjejeniyar yanzu tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ta ƙare bayan kakar 2030 ko bayanta. Abin da ya rage wa ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa shi ne ta sayar da tsada: hutun mako biyu a cikin kaka maimakon ɗaya, a ƙara yawan 'yan wasan kowace ƙungiya, a gyara wasan daren Alhamis da ake bugawa kwana huɗu bayan na Lahadi, sannan a tsawaita inshorar lafiya bayan ritaya.

Inda nake jin tsoro shi ne wurin ƙuri'a. A 2020 manya irin su Aaron Rodgers da J.J. Watt sun soki yarjejeniyar a fili, amma an ƙara mafi ƙarancin albashi a cikinta, kuma yawancin masu ƙuri'a ƙananan 'yan wasa ne da ba su da tabbacin shekara uku ko huɗu a gasar. Mutumin da bai san ko zai kai baɗi ba, wa zai ga laifinsa idan ya karɓi kuɗin yau? Masu ƙungiyoyi sun san wannan sarai, kuma ta ƙofar nan za su sake biyowa.