Nasiha ga 'yan'uwa Katolika a Sudan: mu koyi tsayawa a gaban gicciye

'Yan'uwana cikin Almasihu, musamman mu 'yan arewacin Najeriya da aiki ko karatu ya kawo mu wannan ƙasa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, yawancinmu sun bar Khartoum, wasu sun koma gida, 'yan kaɗan muka rage a Port Sudan da Kassala da Gadarif, kuma akwai waɗanda sukan daɗe ba su ga Fada, wato limamin coci, ba, balle su halarci ibadar Mas. Abin da ya rage a hannunmu shi ne rosari, wato carbinmu na addu'a, da ɗan ƙaramin gicciye, da hotuna masu tsarki a cikin waya. Damuwata ita ce muna riƙe da waɗannan abubuwa amma ba ma addu'a da su. Ana turo hoton Yesu a WhatsApp, mutum ya rubuta "Amin", ya wuce zuwa labarin farashin dala tun kafin idonsa ya sauka a kan fuskar Ubangijinsa. Wani kuma ya rataye rosari a madubin mota kamar laya, shekara ta zagayo bai ja ƙwaya ɗaya ba.

Ku tuna da Yusufina Bakhita Mai Tsarki, 'yar wannan ƙasa, wadda aka haifa a Darfur wajen shekarar 1869. Tana yarinya masu farautar bayi suka sace ta, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu, har a gidan wani ubangijinta aka tsattsaga mata jiki da wuƙa fiye da wuri 100, aka cusa gishiri a raunukan. Bayan an kai ta Italiya a 1885, wani dattijo mai suna Illuminato Checchini ya ba ta ƙaramin gicciye na azurfa, ya sumbace shi kafin ya miƙa mata, ya gaya mata cewa wannan Yesu ne Ɗan Allah wanda ya mutu dominmu. A lokacin ba ta iya karatu ba, ba ta san katikisim ba, kuma ba ta taɓa mallakar komai ba a rayuwarta, don haka ta ɓoye shi saboda tsoron kada a ƙwace mata. Takan fito da shi a ɓoye ta yi ta kallonsa. Baiwar da aka sha yi wa bulala ta ga Ubangiji wanda shi ma an yi masa bulala, kuma daga wannan kallo ne hanyarta ta miƙe har zuwa baftisma a Venis ranar 9 ga Janairu, 1890. Ta rasu a garin Schio na Italiya ranar 8 ga Fabrairu, 1947, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu kuma ya sanya ta cikin tsarkaka a shekarar 2000. Gicciye ɗaya tak take da shi, mu kuwa wayoyinmu cike suke da hotuna, amma ta fi mu sanin yadda ake duba.

Maƙwabtanmu Hausawan Sudan, waɗanda Musulmi ne kuma suka karɓe mu da karamci a wannan lokaci na tsanani, sukan tambaye mu cikin mutunci ko ba gumaka muke bauta wa ba. Tambaya ce mai nauyi, kuma ya kamata mu san amsarta domin kanmu tun kafin mu ba wani. Allah ya hana a sassaƙa gunki a yi masa sujada, kamar yadda yake a Fitowa 20, amma shi ne kuma ya umarci Musa ya ƙera kerubobi biyu na zinariya a kan akwatin alkawari, ya kuma sa shi ya yi macijin tagulla domin wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu. Daga baya da Isra'ilawa suka fara ƙona wa macijin nan turare, Sarki Hezekiya ya farfashe shi, Littafi Mai Tsarki kuwa ya yaba masa. Saboda Kalma ya zama mutum ya zauna a cikinmu, mutane suka gan shi da ido, shi ya sa ake iya zana fuskarsa. Taron bishop-bishop na Nikiya na biyu a shekarar 787 ya tabbatar da cewa girmamawar da ake yi wa hoto tana wucewa ne zuwa ga wanda aka zana, sujada kuwa ta Allah ce shi kaɗai. Wanda ya ɗauka cewa katako ko takarda ce za ta kare shi daga harsashi ya kama hanyar masu ƙona wa maciji turare, ko da kuwa sunansa na cikin littafin baftisma.

Addu'a da zane ba baƙuwa ba ce a bakin kogin Nilu. A Faras, kusa da Wadi Halfa, masu binciken tarihi 'yan Poland sun tono wata babbar majami'a daga cikin yashi tsakanin 1961 da 1964, kafin ruwan dam ɗin Aswan ya shanye wurin. Bangonta cike yake da zanen Almasihu da Maryamu da mala'iku da bishop-bishop baƙaƙen fata, aikin Kiristocin Nubiya, wasu na fiye da shekara 1,000 da suka wuce. An raba zanen tsakanin Khartoum da Warsaw. A cikinsu akwai na Hannatu Mai Tsarki, mahaifiyar Maryamu, da manyan idanu, ta ɗora yatsa a kan leɓenta, kamar mai ce wa duk wanda ya shigo ya yi shiru.

Shirun nan ne muke gudu, alhali shi ne farkon bimbini. Shawarata ita ce kowa ya zaɓi hoto ɗaya, ya zauna da shi mako guda bai canza ba. Idan a waya yake, a kashe data tukuna. Ka yi alamar gicciye, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe maka ido, sa'an nan ka duba a hankali: kan da ya sunkuya, ƙayar da ta nutse a goshi, haƙarƙarin da suka fito, yatsun da suka lanƙwashe a kan ƙusa, da raunin mashi a gefensa. Ka karanta Yohanna 19 daga aya 25 zuwa 37, inda aka ce za su dubi wanda suka soke. Daga nan ka faɗa masa abin da ke zuciyarka da Hausarka, ka ambaci sunan wanda ka rasa a yaƙin nan, da wanda ka kasa yafe wa, sa'an nan ka yi shiru ka saurara. Tunani zai gudu zuwa kuɗin haya ko takardar izinin zama, kuma amfanin hoton ke nan, domin idan ido ya koma kansa zuciya ma takan biyo.

Ranakun Talata da Jumma'a, da ake jan rosari a kan asiran baƙin ciki, wato shan wahalar Yesu da mutuwarsa, sun fi dacewa da gicciye. Iyaye mata, ku ɗora yara a cinya ku nuna musu raunukan ɗaya bayan ɗaya, ku gaya musu dalilin kowanne. Inda gidaje biyu ko uku suke kusa da juna, ku taru ranar Jumma'a da yamma ku bi Hanyar Gicciye, wato addu'ar tunawa da tafiyar Yesu da gicciye tasha bayan tasha, ko da hotunan tashoshi 14 ɗin a waya ɗaya za a riƙa miƙawa daga hannu zuwa hannu, kuma ku sanya maƙwabtanmu da dukan mutanen Sudan cikin roƙonku.