Agwagwar Laguna da kanwar Hajiya

Duk wanda ya yi karatu a Filifin ya san adobo, ko bai ci ba ya sha ƙamshinsa ta taga. Nama ne ake dafawa a hankali cikin ruwan khal da toyo, wani baƙin romon waken soya mai gishiri, a zuba tafarnuwa ba tausayi, a jefa ganyen laurel da ƙwayoyin masoro. Sai dai na yawancin gidajen abinci alade ne, ko kazar da ban san wa ya yanka ba. Don haka na ƙudura yin nawa, kuma na agwagwa, tunda garin Victoria na nan kusa da mu a lardin Laguna, garin da har gumakan agwagi suka kafa a mashigarsa.

Na hau jifni, motar hayarsu, na je na sayo mai rai. Farashin ya yi sauƙi, har na fara jin kaina ɗan kasuwar Kwari. Ashe tsohuwa aka haɗa ni da ita. A can don ƙwai ake kiwon irinta, a yi balut (dafaffen ƙwai mai ɗan tsako a ciki) da ƙwai mai gishiri, sai ta yi ritaya a neme mata baƙo irina.

Na fuskanci alƙibla a bayan gida na yanka. Figar ce ta nuna mini agwagwa ba kaza ba ce: ka cire gashi, ka tarar da wani gashin a ƙarƙashinsa yana jiranka. Nanay, matar da nake haya a gidanta, ta tausaya ta zo ta yanke wani ƙullin maiƙo a saman wutsiya, ta ce nan ƙarnin yake, ta sa na murje naman da gishiri da citta. Za ta fita coci ta ɗaga yatsa: "Anak," wato ɗana, "in ka zuba khal kada ka juya sai ya tafasa." Na ce, "To, Nanay." Kuma wallahi ban juya ba.

La'asar ta yi, magariba ta gabato, gidan ya cika da ƙamshi, amma in na soka cokali mai yatsu sai ya dawo mini da gaisuwa. Nan na tuna ƙullin da Hajiya ta cusa mini a jaka tare da kuka da daddawa. A gidanmu ba wake ko gandar da ta taɓa gagarar kanwa. Na jiƙa 'yar madaidaiciya, na ƙara kaɗan don girmama shekarun marigayiyar, na tuttula.

Tukunyar ta yi wani tsaki, sai kumfa ruwan ƙasa ya taso, ya ɗaga murfi, ya kashe wutar gas, ya gangaro gefen murhu ya nufi ƙofa da ganyen laurel biyu a kansa. Khal tsami, kanwa kishiyarsa. Malamin kimiyyarmu na sakandare ya faɗa, lokacin ina bencin baya. Ina tsaye da tsumma a hannu, silifas ɗina na iyo, Nanay ta shigo. Ta dubi ƙasa, ta dube ni, ta ce, "Anak, sabulu ka sa?"

Ta ɗanɗana romon ta runtse ido. Tsamin da shi ne ran adobo ya tafi, sai gishiri da wani bauri. Ba ta ce uffan ba. Ta kwashe naman ta wanke, ta zuba sabon khal da toyo da rabin kwalbar Sprite, ta rage wuta ta kore ni falo. Sai bayan sha ɗaya na dare muka ci da farar shinkafa. Cinyar ta yi laushi, ƙirjin kuwa har yanzu yana kan bakansa.

Da safe ta ƙwanƙwasa mini ƙofa riƙe da tsohuwar tukunyarta mai baƙin gindi. Wai duk inda kumfan ya bi a jikin murhu ya yi fes, ko akwai sauran dutsen nan na mahaifiyata?