Nas mai karatun masta ba ta bukatar a koya mata raba awanni

Duk taron bita da za a yi wa ma'aikatan jinya sai wani ya miƙe da maganar raba lokaci, wai awa kaza na aiki, kaza na iyali, kaza na karatu. Ni dai ban ga yadda wannan shawara za ta amfani nas ɗin da ke masta a ABU Zariya ko BUK alhali tana riƙe da ɗakin yara a asibitin gwamnati ba. Wadda ta sauka daga diyutin dare ƙarfe takwas na safe, ido ja ƙafa a kumbure, ta miƙa rahoto ga masu karɓarta, ga malamin da ke duba kundin bincikenta na jiran babi na uku, ga yara a gida, wace awa ce za ta ware? Abin da take samu kawai shi ne jin ta gaza kullum, alhali ba ta gaza ba.

Aikin asibiti zuwa yake yi kashi-kashi, duk wanda ya yi shi a Arewa ya sani. Daga wajen Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara, sai ka ga biyu a gado ɗaya, wannan ana neman jijiya a sa masa ruwa wancan ana jiran jini, uwa na tsaye da ledar magani tana tambayar nas kowane minti. Da zafi ya shigo kuma sai sanƙarau da ƙyanda, damina ga amai da gudawa. Manomi ba ya raba ranarsa daidai tsakanin gona da hira a lokacin shuka, ya san rani na tafe. Haka ya kamata mai karatu ta tsara shekararta, watan da ɗaki ya cika ta yarda rubutu zai yi jinkiri, in an samu sarari ta duƙufa sati biyu ko uku ba kama hannun yaro.

Sai dai fa ita kaɗai ba za ta iya ba, a nan shugabanci ya shigo. Incaj, wato shugabar nas-nas ta ɗakin, da ke rubuta rosta (jadawalin diyuti) ita ke riƙe da rayuwar mutane a hannunta wallahi. In ta san ranar jarrabawar wance tun da wuri za ta iya ɗauke mata dare a satin, ta biya daga baya, kuma sauran su san su ma in nasu ya zo haka za a yi musu, ba sai 'yar gaban goshi ba.

Na san abin da za a ce min, ina ma'aikatan? Gaskiya ne. A farkon 2024 magatakardan hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa (NMCN) ya ce sama da nas 42,000 ne suka bar Najeriya cikin shekara uku, kuma cikin buƙatun da ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa (NANNM) ta shiga yajin aikin gargaɗi a kansu a ƙarshen Yulin 2025 har da ɗaukar sabbin ma'aikata da gyara alawus ɗin aikin karɓa-karɓa. Abin da ke ba ni tsoro ke nan, kar shugabanni su fake da "ai lokacin matsi ne, a yi haƙuri" sannan lokacin sauƙin ya ƙi zuwa. In aka ce mutum ya daure a Satumba to dole hutunsa ya fito a Disamba, a rubuce, kuma ranakun hutu bayan diyutin dare kar a taɓa su da sunan mitin ko wani ya yi fashin zuwa aiki.

Jami'o'in su ma da nasu aikin. Yawancin ɗaliban nan ma'aikata ne, wasu daga Katsina ko Jigawa suke shigo mota, amma sai a sanya lakca da saƙon WhatsApp da daddare a ce gobe ƙarfe tara. A haɗa lakcoci a dunƙule cikin 'yan kwanaki, a fitar da ranakun jarrabawa da na kare kundin bincike tun farkon semista, yadda ɗaliba za ta kai wa incaj ɗinta takardar kafin a rubuta rostan wata.