A wasan Diplomacy, wanda ya gudu ya fi maci amana laifi

Diplomacy wasa ne na mutum bakwai da wani Ba'amurke mai suna Allan Calhamer ya fitar a 1959. Taswirar Turai ake shimfiɗawa, a fara daga shekarar 1901, kowa ya ɗau ƙasa ɗaya cikin Ingila, Faransa, Jamus, Italiya, Ostiriya, Rasha da Turkiyya. Ba a jefa ɗan lido, babu maganar sa'a. Cibiyoyi 34 ne a taswirar, wato muhimman wuraren da ake gasar kamawa, wanda ya kama 18 shi ya ci, kuma ba yadda za a yi ka kai can kai kaɗai, dole sai wani ya mara wa sojanka baya. Kowa a ɓoye yake rubuta umarninsa, a buɗe su lokaci guda, kuma dokar wasan da kanta ta yarda ka yi alkawari ka saɓa.

A 1963 John Boardman a New York ya fara gudanar da shi ta gidan waya, da wata 'yar jarida da ya sa wa suna Graustark. 'Yan wasa su yi ta rubuta wa juna wasiƙu ana ƙulla ƙawance, kowa ya aika umarninsa wajen alƙalin wasa kafin ranar da aka tsayar, shi kuma ya buga sakamako ya aiko musu. Taku ɗaya sai ya ci makonni, wasa guda kuwa ya kai shekara biyu ko ma fiye.

Mutane da yawa in sun ji wannan sai su ce ai koyar da ƙarya ne kawai. Na fahimci damuwarsu, don gaskiya abin da ciwo, mutumin da kuka shekara kuna wasiƙa har ka san sunan 'ya'yansa da aikin da yake yi, ka buɗe ambulan ka ga jiragen ruwansa sun shigo maka ta baya. Amma kowa ya shiga ne da saninsa, ba wanda aka rufe. Kuma su waɗannan 'yan wasan suna da iyakar da ba a tsallakewa: ka yaudari abokin wasa yadda kake so, amma alƙali ba a yi masa ƙarya, ba a aika umarnin jabu da sunan wani. Ga shi sunayen nan dai su ne ke yawo daga wannan jarida zuwa waccan, wanda ya mayar da cin amana sana'a ba da daɗewa ba zai rasa mai amsa masa wasiƙa.

Abin da ni nake gani a matsayin babban laifi shi ne guduwa. Mutum ya ga ƙasarsa ta fara rushewa sai kawai ya yi shiru, ba umarni ba sallama. To ka duba abin da ke biyo baya. A ce mai Ostiriya ne, wanda dama a tsakiyar Rasha da Turkiyya da Italiya yake, sojojinsa za su tsaya cak inda suke, ba sa taimakon kowa, sai maƙwabcin da ya fi kusa ya kwashe cibiyoyinsa na Biyana da Budafes a banza ba da wata dabara tasa ba. Mai Ingila da mai Faransa da ke can ɗaya gefen, da suka yi wata da watanni suna lissafi suna kashe kuɗin kan sarki, sun tashi a tutar babu saboda mutum ɗaya ya ji haushi. Daidai yake da mai dara da ya ga za a cinye shi ya sa ƙafa ya share gidajen, sai dai nan mutum shida ya yi wa ɓarna.

Eh, rayuwa tana zuwa da nata, ciwo, sauyin aiki, rashin kuɗi. Wasiƙa ɗaya ta isa ai, ka gaya wa alƙali ka janye ya nemo wani. Dama alƙalan suna ajiye sunayen 'yan jiran gado masu karɓar ƙasar da aka yasar, kuma wallahi waɗannan mutanen ina ganin girmansu ƙwarai, mutum ya karɓi ƙasa mai cibiya biyu ya san ba zai ci ba, ya zauna yana rubuta wasiƙu da gaske don kar wahalar sauran ta tafi a banza.

Akwai kuma masu ɗaukar gaba daga wannan wasa su kai wancan, ka ci amanarsa bara sai bana ya rantse sai ya ga bayanka ko da shi ma zai mutu. Wannan ma ɓata wasa ne, don sauran biyar ɗin ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Yanzu wasan ya koma intanet, shafi irin webDiplomacy har maki yake ba mutum kan yadda yake aika umarni a kan lokaci da rashin barin wasa a tsakiya, kuma mai buɗe sabon wasa zai iya hana masu ƙaramin maki shiga. Ni da za a bi tawa, wannan makin za a riƙa sawa a gaban sunan kowa kafin a nuna sau nawa ya ci.