Wa ya ci ƙanzo a gidanki jiya?

Ƴan'uwana cikin Almasihu, barkanmu da Nowel, Allah ya maimaita mana. Na so in sa hotunan jiya kamar kowa, hannuna ya kasa. Tun dare wani abu ya tokare mini ƙirji, ko barcin kirki ban yi ba.

Jiya gidanmu na unguwar Bukoki, a nan Yamai, ya cika maƙil. Da muka taso daga sujada dangi suka yi ta shigowa, na Talaje, na Yantala, har ƙanen maigida da ya taso daga Galmi da buhun albasa tsaraba. Tun ranar 23 maigida ya je kasuwar dabbobi ta Turaku ya sayo rago, muka kira mahauci Musulmi ya yanka don maƙwabta su ci hankali kwance. Zabi shida, shinkafa, makaroni, salati, dambun zogale saboda tsofaffi, zoɓo da lemun citta cike da firigo. Aka ci, aka sha, yara suka yi waƙoƙin haihuwar Mai Ceto, kowa na ce mini sannu da aiki.

Wajen ƙarfe 9 na dare na zagaya madafa in ƙaro ƙanƙara. Sai ga yarinyar da ke mana aiki zaune kan bokiti a kife, gefen famfo, babbar tukunyar shinkafa tsakanin ƙafafunta, tana kankare ƙanzo da cokali tana kaiwa baki. Ga iskar hunturu na kaɗawa, ga tsohon zanenta jiƙe sharkaf, yatsunta sun yi fari sun yamutse saboda ruwan wanke-wanke.

Na ce, "Ke, ba ki ci abinci ba?"

Ta ce, "Ga shi ina ci, Tanti." Har da murmushi.

Na ce, "Nama fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba a ce in ɗiba ba."

Wayyo ni. Yarinyar nan tun asuba take tsaye. Ita ta fige zabin nan shida, ita ta yanka albasa har idonta ya yi ja, ita ta goge kayan ankon da muka sa muka yi hoto. Duk sannu da aikin da na yi ta karɓa a falo nata ne. Na tuna da Alhajin layinmu, na tuna da abokan aikin maigida, na manta da wadda ke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da ƴaƴana.

Kada ki ce wannan a gidan wata ne. Tsaya ki tuna. Mai gadinku da ya wuni yana buɗe ƙofa yana gyara wa baƙi wurin ajiye mota, me aka kai masa, kuma ƙarfe nawa? Ɗan ƙanwar mijinki da aka kawo daga ƙauye don karatu, a ina ya zauna sa'ad da naki ke kan tebur? Almajirin da ya kwashe toka da shara, abinci aka ba shi ko abin da aka tattaro daga farantan mutane, da ƙashi da tsinken sakace a ciki? Ku ma maza ba ku fita ba. Kai da ka zauna kana rarraba cinyoyi ga manyan baƙi, ka tambayi matarka ko ta sa wani abu a bakinta tun safe?

Sai maganar kwanonin da muke aikawa maƙwabta. Al'ada ce mai kyau, su ma da babbar Salla naman layya ba ya wuce ƙofarmu. Amma dubi yadda muke zubawa. Gidan mai hali, zabo guda cikin kula mai kyau. Gidan da ba za a rama mana ba, shinkafa da tsoka biyu cikin tsohuwar roba. Haka na yi jiya, kuma kun san wa na yi wa? Tsohuwar da ke suyar ƙosai a bakin layinmu, wadda mijinta ya rasu. A watan Janairun 2015, ranar da aka ƙona majami'u a nan Yamai, kwana ɗaya bayan na Damagaram, ita ce ta ja ƴaƴana biyu ta shigar ɗakinta, ta zauna bakin ƙofa da kaskonta har gari ya lafa. Tsoka biyu na aika mata. Ubangiji ka gafarta mini.

Mun san Luka 14, Fasto ya sha karanta mana waɗanda Ubangiji ya ce a kira in an yi biki: matalauta, naƙasassu, guragu da makafi. Jiya-jiya da safe muka ji cewa babu wuri dominsa a masauki, muka girgiza kai don tausayi, muka dawo gida muka bar ƴar mutane a gefen famfo. Makiyayan da aka fara kai wa albishir, da a gidana suka sauka da ƙurar daji a jikinsu, anya da sun wuce madafa?

Akwai kuma wadda ta fi wannan nauyi. Albashin yarinyar jika 15 ne, na ce ta yi haƙuri sai watan Janairu don hidima ta yi yawa. Na samu kuɗin atamfa da na tela da na gato, nata ne kawai ya gagara. Uwarta na can wajen Dogon Dutsi tana jiran a aiko mata. Yaƙub 5:4 ya ce ladan ma'aikaci da aka danne kuka yake yi, kukan kuma yana kaiwa kunnen Ubangiji. Na san rayuwa ta yi tsada, na san kuɗin buhun shinkafa. Amma wanda ya iya sayen rago ya iya biyan jika 15.

Na kamo hannunta na shigar da ita falo, tana ta noƙewa. Surukata ce ta matsa mata wuri a kan tabarma ta ce, "Zo nan, ƴata," ta tura mata farantinta da naman da ba ta taɓa ba. Tsohuwar ba ta ce mini komai ba, kallo ɗaya ta yi mini. Yau da safe na biya yarinyar kuɗinta, na ɗauki kula da kaina na je wurin mai ƙosai na durƙusa.

Ƴar'uwata, ba don na fi ki nake faɗa ba, kin ji abin da na yi. Roƙonki nake yi. Sauran nama na nan cikin firigo, tashi ki ɗumama, ki zuba a farantin da kike ba baƙi, ki kira ta da sunanta. Ki biya ta yau, kada ki kai Janairu. Sabuwar shekara saura kwana shida, za a sake ɗora tukunya: ki fara zuba nata kafin na kowa. Don Allah, ki fara zuba nata.